BABI NA HUƊU: TARKEN HASASHEN SAUYA ZUBIN SHIRYE-SHIRYE A TASHOSHIN REDIYON KASUWANCI NA BIRNIN NIYOK

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda rediyon kasuwanci ya kafu a ƙasar Amurka, da yadda ya dogara kacokan a kan kuɗin talla. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan wani nau'in sharhi da ya daɗe yana biye da wannan harka, watau hasashen da 'yan jarida da mujallun sana'ar rediyo da su kansu ma'aikatan tashoshi kan yi a duk lokacin da alƙaluman masu sauraro suka fito, na cewa tasha kaza ta kusa sauya zubi, kuma ga abin da za ta koma. An zaɓi birnin Niyok ne saboda shi ne kasuwar rediyo mafi girma a ƙasar. An kuma tsayu a kan tashar WCBS-FM domin a cikin shekara biyu da wata ɗaya ta yi watsi da zubinta, sannan ta sake komawa gare shi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, irin wannan hasashe yana ɗaukar alƙaluman a matsayin hukuncin masu sauraro, alhali kuwa akwai tambayoyi biyu da yake tsallakewa: waɗanne masu sauraro ake ƙirgawa, kuma da wane mudu ake aunawa.

4.1 Zubi da Awon Masu Sauraro

Wanda ya saba da tashoshin Kano ko Kaduna, inda tasha guda kan kawo labarai da wa'azi da shirin siyasa da waƙoƙin finafinai da gaishe-gaishe duk a yini ɗaya, zai buƙaci ɗan ƙarin bayani a kan abin da ake nufi da zubi a nan. A manyan biranen Amurka kowace tashar kasuwanci takan zaɓi abu ɗaya ta tsaya a kansa dare da rana. Wata labarai zalla, wata wasanni, wata waƙoƙin da ake yayi a makon, wata kuma tsofaffin waƙoƙi. Wannan zaɓi shi ne zubi. Sauya zubi kuwa shi ne tasha ta kwana tana abu kaza, ta wayi gari tana wani abu dabam, sau da yawa da sabon suna da sababbin ma'aikata, ba tare da an sanar da tsofaffin ba sai a ranar.

Kamfanin Arbitron shi ne ya daɗe yana auna masu sauraron rediyo a ƙasar, kafin kamfanin Nielsen ya saye shi a shekarar 2013. Tsohuwar hanyar awon ita ce ta ɗan littafi. Kamfanin kan zaɓi wasu gidaje ya aika musu da littafin tare da ɗan tukuici, kowa ya riƙa rubuta tashar da ya saurara da lokacin da ya saurara, tsawon kwana bakwai, daga Alhamis zuwa Laraba. An raba kowace awa gida huɗu, kuma idan mutum ya saurari tasha na minti biyar a cikin minti 15, to an ba tashar ladan wannan kwata ɗin gaba ɗaya. Daga nan ake fitar da kason kowace tasha cikin ɗari na waɗanda rediyonsu ke kunne. A manyan birane sakamakon kan fito sau huɗu a shekara.

Abin lura a nan shi ne, wannan hanya ta dogara ne a kan tunawa. Mutum ba ya yawo da littafi a hannu, yakan zauna ne da dare ko ma a ƙarshen mako ya cike abin da ya tuna. Shi ya sa tashoshi suka riƙa nanata sunansu bayan kowace waƙa, suna kuma ajiye manyan gasannin kyauta a ranar Alhamis, ranar da ake buɗe sabon littafi. Ke nan tun kafin a zo batun sauya zubi, mudun awon ya riga ya fara tsara yadda shirye-shiryen suke.

Abu na biyu shi ne, alƙaluman da jaridu suka fi bugawa su ne na dukkan masu sauraro daga shekara 12 zuwa sama. Su kuwa kamfanonin talla ba da wannan suke ciniki ba. Rukunin da suka fi saye shi ne na masu shekara 25 zuwa 54, bisa imanin cewa su ne ke sayen mota da kayan gida, kuma ba su riga sun kafe a kan haja ɗaya ba. Ko wannan imani gaskiya ne ko a'a, magana ce ta dabam. Amma dai shi ne ke yanka farashin minti ɗaya na talla.

4.2 Tushen Hujjar Masu Hasashe

Ba za a yi wa masu hasashe adalci ba idan aka ce a banza suka gina ra'ayinsu, domin ruwa ba ya tsami banza. Tarihin Niyok ya ba su misalai masu ƙarfi. A watan Yuli na 1978 wata ƙaramar tasha mai suna WKTU, a kan mita 92.3 zangon FM, ta koma saka kiɗan disko zalla, kuma cikin 'yan watanni ta haura gaban WABC, wadda ta shafe shekaru tana mulkin birnin a matsakaicin zango. Ranar 10 ga Mayu, 1982 ita WABC ta haƙura da waƙoƙi ta koma shirye-shiryen hira da muhawara. A watan Agusta na 1983 tashar WHTZ, wadda aka fi sani da Z100, ta buɗe a ƙarƙashin Scott Shannon, ta tashi daga ƙarshen jeri zuwa matsayi na ɗaya cikin kwana 74. Haka kuma a watan Fabrairu na 1996 tashar WYNY ta bar kiɗan kauntiri, watau na mutanen karkarar Amurka, ta farfaɗo da sunan WKTU da kiɗan rawa, nan take ta hau sama.

Daga irin waɗannan misalai aka ciro ƙa'idoji biyu da hasashe ke tafiya a kansu. Ta farko, tashar da ke ƙasan jeri ita ce za ta sauya. Ta biyu, za ta koma ne ga zubin da babu mai yin sa a birnin, watau ta cike gurbi. Ƙa'idar gurbi ta fi ta farko rauni, kuma kiɗan kauntiri ya isa shaida. Daga 2002 har zuwa watan Janairu na 2013 babu babbar tashar kauntiri a Niyok, duk da cewa yana daga cikin zubin da suka fi yawan tashoshi a faɗin ƙasar. Fiye da shekara goma gurbin yana buɗe, tashoshi da dama suka sauya zubi a wannan tsakani, babu wadda ta shiga. Da aka zo aka cike shi da tashar WNSH a kan mita 94.7, ita ma ba ta wuce 2021 ba. Samuwar masu sauraron da ba su da tasha ba ta nufin akwai mai talla da zai biya kuɗi domin ya kai gare su.

Bugu da ƙari, yawancin waɗannan misalai sun faru ne a zamanin da kamfani ba ya mallakar tashoshi da yawa a gari ɗaya. Dokar sadarwa da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Fabrairu na 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani zai mallaka a ƙasa baki ɗaya, ta kuma yarda ya riƙe har takwas a babban birni. Kamfanin Clear Channel kaɗai sai da ya tara wajen 1,200. Tun daga lokacin tasha ta daina zama 'yar kanta, ta zama ɗaya daga cikin 'ya'yan gida, kuma uban gida yana iya sauya wa ɗaya sana'a domin kare kasuwar 'yar'uwarta. Masu hasashe da yawa sun ci gaba da karanta jerin alƙaluma kamar sakamakon tseren dawaki, alhali dawaki biyar ko shida a cikin filin na mutum ɗaya ne.

4.3 Sauyin Ranar 3 ga Yuni, 2005

WCBS-FM, a kan mita 101.1, ta fara saka tsofaffin waƙoƙi ne a watan Yuli na 1972, kuma ta yi shekara 33 a kan haka. Ƙarfinta bai tsaya ga faya-fayai ba. Ta tattara masu gabatarwa waɗanda mutanen birnin suka tashi da muryoyinsu tun zamanin WABC, irin su Bruce Morrow, wanda aka fi sani da Cousin Brucie, da Harry Harrison. A farkon 2005 ta ɗauko Micky Dolenz na ƙungiyar mawaƙa ta Monkees domin shirin safe. Tana cikin tashoshi goman farko a birnin, kuma tana kawo riba.

A wancan lokaci kamfanin Infinity Broadcasting ne ke riƙe da ita, wanda daga baya a shekarar ya koma amsa sunan CBS Radio. Kamfanin yana da tashoshi shida a Niyok, uku a matsakaicin zango, uku a zangon FM. Duk wanda ya bi ƙa'idar farko ta masu hasashe, to WNEW-FM zai nuna da yatsa, domin ita ce ta yi ta faɗi-tashi: ta bar kiɗan rok a 1999 ta koma hira, ta bar hira a farkon 2003, kuma ta sake sauya kama fiye da sau ɗaya a wannan shekarar. In ba ita ba kuwa sai WXRK, wadda tauraronta Howard Stern ya riga ya sanar tun watan Oktoba na 2004 cewa zai koma rediyon tauraron ɗan'adam na Sirius. Sai ga shi gatarin ya faɗa a kan wadda ta fi kowa lafiya a idon mai karanta jarida.

Da ƙarfe biyar na yammacin ranar Juma'a, 3 ga Yuni, 2005, tashar ta koma Jack FM. Micky Dolenz ya yi bikin cikar shirinsa na ɗari a safiyar ranar, bai san shi ne na ƙarshe ba. A rana guda kamfanin ya yi wa tasharsa ta tsofaffin waƙoƙi a Shikago, WJMK, irin wannan sauyi. Shi zubin Jack ya samo asali ne daga Kanada, inda wata tasha a birnin Bankuba ta fara shi a ƙarshen 2002. Ba shi da mai gabatarwa, sai wata murya da aka naɗa mai yawan gatse da shaguɓe. Ba ya karɓar zaɓen masu sauraro, hasali ma takensa yana alfahari ne da cewa abin da tasha ta ga dama shi take sakawa. Yana juya waƙoƙi fiye da 1,000 na shekaru daban-daban ba tare da wani jeri ba, alhali tashoshi da yawa 'yan ɗaruruwa suke maimaitawa. An kwatanta shi da na'urar iPod idan aka bar ta tana zaɓo waƙa da kanta, abin da ke tashe a lokacin.

Idan aka duba da idon basira, hujjar kamfanin lissafi ne mai sauƙi. Mutum yakan fi shaƙuwa da waƙoƙin da ya ji yana saurayi. Wanda yake da shekara 15 a 1960 an haife shi a 1945, ke nan a 2005 yana da shekara 60, ya fice daga rukunin da masu talla ke saye. Mafi tsufa a cikin rukunin a wannan shekara, mai shekara 54, an haife shi ne a 1951, samartakarsa ta faɗo a tsakiyar shekarun 1960. Kowace shekara sai wani kaso na masoyan tashar ya tsallake wannan iyaka. Suna nan da ransu, rediyonsu a kunne, ana ƙirga su a alƙaluman da jarida ke bugawa, amma a teburin ciniki sun zama kamar babu su. Tashar ta daɗe da ganin haka, domin tun 2002 ta soke daɗaɗɗen shirinta na daren Lahadi na waƙoƙin shekarun 1950, ta kuma riƙa rage waƙoƙin wancan zamani. Alamar tana nan a fili ga mai sauraron tashar, amma ba ta bayyana a jerin alƙaluma ba, shi ya sa wanda ya dogara ga jerin bai hango ta ba.

Daɗin daɗawa, kamfanin yana da misali a hannu. A watan Maris na wannan shekara ya mayar da tasharsa ta Los Anjeles, KCBS-FM, zuwa Jack, kuma ta karɓu da wuri. To sai dai a nan ne shugabannin kamfanin suka faɗa cikin irin kuskuren masu hasashe, watau ɗaukar zubi kamar maganin da in ya yi wa wani aiki zai yi wa kowa. Tashar Los Anjeles kiɗan rok na shekarun baya take sakawa kafin sauyin, don haka masu sauraronta ba su ji an yi musu nisa ba. A Niyok kuwa abin da aka cire mutane ne da aka saba da su shekara da shekaru, aka maye gurbinsu da muryar da ke yi wa mai sauraro ba'a.

Martanin ya yi zafi. Jaridun birnin sun yi ta caccaka, magajin gari Michael Bloomberg da Sanata Charles Schumer duk sun nuna ɓacin ransu, Cousin Brucie kuma ya koma Sirius. Kamfanin ya mayar da tsofaffin waƙoƙin intanet da wani ƙaramin layi na rediyon dijital wanda mutane ƙalilan ne ke da akwatin kama shi. Tashar ta faɗo daga goman farko zuwa can ƙasa, kuɗin talla ma ya ragu ƙwarai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: tsofaffin sun tafi, matasan da aka yi domin su ba su zo da yawan da zai rufe giɓin ba.

4.4 Komawar 2007 da Batun Mudu

A watan Afrilu na 2007 Dan Mason ya karɓi shugabancin CBS Radio. A watan Mayu ya mayar da mita 92.3 ga kiɗan rok, bayan gwajin shirye-shiryen hira da aka yi a gurbin Howard Stern ya ci tura. Ranar 12 ga Yuli, da ƙarfe ɗaya da minti ɗaya na rana, domin ya dace da lambar mitar tashar, WCBS-FM ta dawo. Alƙaluman farko da suka biyo baya sun nuna ta sake shiga sahun gaba, kuma a 2010 har ta taɓa hawa matsayi na ɗaya.

Fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce, masu sauraro sun yi nasara, kamfani ya ji kukansu, tsohuwar zuma da ita ake magani. Labari ne mai daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinsa, domin hauhawar ta fara ne tun ana awo da ɗan littafi. Amma akwai abubuwa biyu da wannan fassara ta rufe ido a kansu.

Na farko, tashar da ta dawo ba ita ce ta tafi ba. Suna ɗaya ne, wasu muryoyin ma sun dawo, amma waƙoƙin sun matso gaba. Ta tallata kanta da shekarun 1960 da 1970 da 1980, waƙoƙin 1950 kuwa suka koma na jefi-jefi. Watau matsalar shekaru da ta haifar da sauyin 2005 ba ta gushe ba, an dai warware ta ne ta hanyar da ba ta tayar da ƙura ba. Wanda ya fi kowa ihu a 2005, mai shekara 60 da ke son waƙoƙin samartakarsa, an dawo masa da kwano ne an sauya tuwon. Wannan matsawa ba ta tsaya ba. A 2025 mai shekara 54 an haife shi ne a 1971, kuma waƙoƙin shekarun 1980 su ne ƙashin bayan tashar, na 1960 sun ɓace kusan gaba ɗaya. A nan ana iya cewa an yi sauyin zubi na gaske, wanda ya fi na Jack zurfi, amma da yake a hankali aka yi shi, babu ranar da za a nuna a ce ga ta, sai ya wuce masu hasashe ba su ba shi muhimmanci ba. Su abin da ke jan hankalinsu shi ne sauyin dare ɗaya.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci, shi ne an sake mudu. A 2007 Arbitron ya fara maye gurbin ɗan littafi da wata 'yar na'ura mai suna PPM, da farko a Filadelfiya. Tasha takan cusa wata alama a cikin sautinta wadda kunne ba ya ji, ita kuma na'urar, da mutum ke ratayawa a jiki, sai ta tsinci alamar ta rubuta lokaci. Ba ruwanta da abin da mutum ya tuna ko abin da yake so. Idan ya shiga kanti ko wurin aski ko motar wani, duk tashar da ke kunne za a rubuta mata shi. Sakamakon farko ya nuna mutane suna jin tashoshi da yawa fiye da yadda suke rubutawa, amma suna daɗewa a kan kowace ƙasa da yadda suke zato. Tashoshin da suka ci moriyar wannan su ne masu saka sanannun waƙoƙin da ba su damun kowa, irin waɗanda ake bari a kunne a ofis da shago. WOGL, tashar tsofaffin waƙoƙi ta Filadelfiya, tana cikin waɗanda suka yi kyau a sabon awon, kuma ita ma ta CBS ce. Ke nan lokacin da aka yanke shawarar dawo da WCBS-FM, kamfanin ya riga ya leƙa abin da sabon mudu ke so, kuma ya san yana tafe Niyok. Ya iso kuwa a watan Oktoba na 2008.

Wannan yana da tasiri a kan duk wani kwatance da za a yi. Jack na Niyok da ɗan littafi aka auna shi tun daga haihuwarsa har mutuwarsa, kuma zubi ne da littafin bai dace da shi ba, domin ba shi da mai gabatarwar da za a tuna da sunansa a daren Laraba. Alƙaluman 2010 kuwa na na'ura ne. Wanda ya jera su wuri ɗaya ya ce ga shaida, ya haɗa awon mudu da na tiya. Ba a nufin da an bar Jack da ya yi nasara, domin na Shikago an auna shi da na'urar kuma bai wuce 2011 ba. Amma na Los Anjeles ya haura shekara 20 yana aiki. Zubi ɗaya, kamfani ɗaya, sakamako iri uku. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da duk hasashen da ya ce zubi kaza ya mutu ko zubi kaza ne na gobe.

Ita kanta na'urar ba ta kuɓuta daga zargi ba. Adadin masu ɗauke da ita a birni mai miliyoyin mutane bai wuce 'yan dubbai ba, don haka gida ɗaya mai yawan sauraro yana iya ɗaga tasha ko ya kayar da ita a wani rukunin shekaru. A 2015 Nielsen ya kai wani mai gabatarwa na birnin Tampa ƙara bisa zargin ya nemi haɗa baki da masu ɗauke da na'urar. A wannan shekarar kuma aka yi ta taƙaddama a kan wani akwati mai suna Voltair, wanda tashoshi ke saye domin ƙarfafa alamar da ke cikin sautinsu, abin da ya nuna cewa wani sautin ya fi wani riƙe alamar. Daga farkon 2025 Nielsen ya rage ƙa'idar minti biyar zuwa uku a biranen da ake amfani da na'urar, sai alƙaluma suka ƙaru ba tare da an samu sabon mai sauraro ko ɗaya ba.

4.5 Matsayin Mai Sauraro

Saura tambayar da masu hasashe ba su cika yi ba, watau mene ne haƙƙin wanda aka ɗauke wa tasha. A shari'ance an rufe wannan ƙofa tun da daɗewa, kuma a Niyok ɗin ma an yi wannan rigima. A 1974 tashar WNCN ta bar kiɗan gargajiyar Turai ta koma rok, masu sauraronta suka kafa ƙungiya suka yi ta fafutuka har aka dawo da zubin a 1975. Amma da maganar ta kai Kotun Ƙoli, sai ta yanke hukunci a 1981 cewa hukumar sadarwa ta ƙasa, FCC, tana da damar barin batun zubi a hannun kasuwa. Ita WNCN ɗin ta sake komawa rok a watan Disamba na 1993, wannan karon babu dawowa. Tun daga nan muryar mai sauraro ɗaya ce tak, ita ce alƙaluman awo, kuma an ga yadda nauyin wannan murya ya danganta ga shekarunsa da kuma irin na'urar da ake aiki da ita.

Ba tsofaffi kaɗai abin ya shafa ba. Da PPM ta iso, tashoshin baƙaƙen fata da na masu jin Sifaniyanci da dama sun ga alƙalumansu sun zube. Masu su suka yi ƙorafin cewa ba a sa isassun mutanensu a cikin masu ɗauke da na'urar ba, musamman matasa da gidajen da ba su da wayar tarho ta gida sai ta hannu. Babban lauyan jihar Niyok na lokacin, Andrew Cuomo, ya kai Arbitron kotu a watan Oktoba na 2008, aka sasanta a watan Janairu na 2009 bisa alkawarin gyara yadda ake zaɓen mutane. Duk da haka, a watan Afrilu na 2012 tashar WRKS, wadda aka fi sani da Kiss FM, ta rufe bayan shekara 30 tana yi wa baƙaƙen fatar birnin hidima, aka haɗe ta da abokiyar gasarta WBLS, mitarta kuma aka ba da hayarta ga shirye-shiryen wasanni na ESPN.

Misali na baya-bayan nan ya fito ne daga cikin gidan da ake magana a kansa. CBS Radio ya haɗe da kamfanin Entercom a 2017, wanda ya koma Audacy a 2021, ya kuma nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Janairu na 2024. Kamfanin yana da tashoshin labarai zalla guda biyu a birnin, WINS da WCBS ta mita 880, kuma dukkansu suna da jama'a. Tun watan Oktoba na 2022 ya ba WINS mita 92.3 a zangon FM, mitar nan da WKTU ta kayar da WABC a kanta. A watan Agusta na 2024 ya rufe ɗakin labaran WCBS, wanda ke aiki tun 1967, ya ba da hayar mitar ga masu shirye-shiryen ESPN.